Yadda Ake Auna Duniyar da Ido Bai Taɓa Gani Ba

A watan Disamba na 2019 aka raɗa wa wata duniya suna a madadin Najeriya, kuma na tabbata yawancinmu a makarantar nan ko goron sunan ba mu samu ba. Ƙungiyar masana falaki ta duniya, IAU, ce ta cika shekara 100 da kafuwa, sai ta raba wa ƙasashe sama da 100 tauraro ɗaya-ɗaya tare da duniyar da ke zagaya shi, ta ce kowace ƙasa ta zaɓi suna. Rabon Najeriya wani tauraro ne da a da lamba kawai gare shi, HD 43197. Aka sa masa Amadioha, sunan abin bautar tsawa a gargajiyar Ibo. Ita kuma duniyar aka kira ta Equiano, don tunawa da Olaudah Equiano, wanda aka sayar da shi bawa yana yaro, ya fanshi kansa, ya buga tarihin rayuwarsa a Landan a 1789, ya kuma yi fafutukar hana cinikin bayi.

Tauraron yana can ƙasa da Shi'ira ta wajen kudu. Shi'ira ita ce mai tsananin hasken nan da ke fitowa da daddare lokacin sanyi, wadda aka ambaci sunanta a Suratun Najmi. Shi Amadioha ido ba ya kama shi, sai da madubin hangen nesa, kuma haskensa yana shafe kusan shekara 200 a hanya kafin ya iso mu. Ita kuwa Equiano, babu mahalukin da ya taɓa ganinta, babu ko hotonta. Amma an san shekararta kwana ɗari uku ce da 'yan kai, an kuma san nauyinta ya kai aƙalla rabin na Mushtari, babbar duniyoyin da ke zagaya ranarmu, wadda Turawa ke ce wa Jufita. To, ta yaya mutum zai faɗi nauyin abin da bai gani ba? Amsar wannan tambaya nake so mu bi tare, domin aikin awo ne, irin wanda ake koya mana a ɗakin gwaje-gwaje.

Bari mu fara gyara kalmomi. Mu a Hausa duk abin da ke ƙyalli a sama da dare tauraro ne. A falaki kuwa tauraro shi ne mai samar da haske da zafi daga cikinsa, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu, kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran girma a idonmu. Duniya ba ta da hasken kanta, aro take yi. Zara da ake ce wa matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, duk abu ɗaya ne, kuma duniya ce 'yar'uwar tamu, lokacin fitowarta ne ke canzawa. Kada kuma wani ya ce na shigo da duba cikin mujallar ƙungiya. Mai duba yana cewa tauraro kaza ya ce za ka yi arziki. Mai falaki ƙirga kwana yake yi, ya auna, ya rubuta. Tsofaffinmu a karkarar Bici da ke lissafin taurarin damina, Zira'a da Nasara da Ɗarfa da sauransu, kowane kwana 13, don su san inda damina ta kai, sun fi kusa da masanin falaki nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa ba a ganin waɗannan duniyoyi kai tsaye shi ne hasken tauraron yana shanye su. Ka tsaya bakin titi a Badume da tsakar dare, tirela ta taso daga Bici da cikakkiyar fitila, a ce ka hango sauron da ke shawagi gefen fitilar. Wannan ma da sauƙi. Rana ta ninka duniyarmu haske kusan sau biliyan 10. An samu ɗaukar hoton wasu ƙalilan, kamar na tauraron HR 8799 a 2008, amma manya ne ƙwarai, masu zafi, masu nisa da tauraronsu, kuma ɗige-ɗige ne kawai a hoton. Sauran duka ta alama aka kama su.

Alama ta farko ita ce rangajin tauraro. Ka taɓa riƙe hannayen ƙaninka kana jujjuya shi a tsakar gida? Yaron ne ke yin babbar da'ira, amma kai ma ai ba a tsaye ƙyam kake ba, dole ka ɗan jingina baya kana 'yar kewayawa. Haka tauraro da duniyarsa suke. Yana janta, ita ma tana jansa, saboda haka yana yin 'yar ƙaramar da'ira tasa. Daga inda muke, wani lokaci yana ɗan matsowa, wani lokaci yana ɗan ja da baya.

Yadda ake gane wannan motsi kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Kano zuwa Katsina ya san shi da kunnensa. Mota mai jiniya in ta nufo ka, kukan siriri ne, da ta wuce sai ya yi kauri. Wani Bature ɗan Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana dalilin a 1842: abin da ke matsowa yana matse igiyoyin sautinsa, wanda ke tafiya yana miƙe su. Haske ma haka. Idan aka raba hasken tauraro zuwa launukan bakan gizo, za a ga layuka baƙaƙe sirara a ciki, kamar waɗanda ake bugawa a bayan kwalin magani. Sinadaran da ke jikin tauraron ne, irin su haidurojin da ƙarfe, kowane yake tsotse haske a wurinsa na musamman. In tauraron yana matsowa, layukan su gusa wajen shuɗi. In yana ja da baya, su gusa wajen ja. Idan gusawar tana tafiya tana dawowa a kan lokaci ba kuskure, to akwai abin da ke jansa, kuma tsawon lokacin shi ne shekarar duniyar.

Ga inda wahalar take. Mushtari duk girmanta, rangajin da take sa rana bai wuce mita 13 a daƙiƙa ba, wato gudun a-daidaita-sahu in hanya ta buɗe. Duniyarmu kuwa santimita 9 a daƙiƙa kawai take iya yi, tafiyar kunkuru. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, a cikinsa ake neman wannan ɗan bambanci.

Da wannan dabara Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz na Jami'ar Janeba suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin ranarmu. A kudancin Faransa suka yi awon, suka sanar a Oktoba 1995. Tauraron shi ne 51 Pegasi, nisan tafiyar haske ta shekara 50. Rangajinsa kusan mita 56 ne a daƙiƙa, abin da ke gusar da layukan da kashi 2 cikin miliyan 10. Abin da ya ruɗa masana shi ne duniyar ta kai rabin nauyin Mushtari, amma cikin kwana huɗu da 'yan awoyi take gama zagayenta. Mushtari tamu sai ta yi kusan shekara 12. Littattafan lokacin ba su yi tsammanin ƙatuwar duniya za ta zauna dab da tauraro haka ba, dole aka koma aka sake lissafin yadda duniyoyi ke samuwa da yadda suke ƙaura daga inda aka haife su. Mutanen biyu sun samu kyautar Nobel a 2019.

Equiano ma ta wannan hanya aka kama ta, da wata na'ura mai suna HARPS da ke La Silla, kan duwatsun ƙasar Chile. Ina so 'yan sashen lantarki da na injiniyan inji su kula da nan. Na'urar tana iya gane motsin mita 1 a daƙiƙa, tafiyar mutum a ƙasa. Don ta iya haka, an rufe ta cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, an daidaita zafinta yadda ba ya canzawa ko da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, kuma ta zaren gilashi ake kawo mata hasken daga madubin. In ƙarfen ya ɗan buɗe saboda zafi, layukan za su gusa, a ɗauka duniya ce. Farfesa ne ke hawa mumbari ya karɓi kyauta, amma wanda ya yi waldar tukunyar nan ba tare da ta yi yoyo ba, da wanda ya haɗa na'urar daidaita zafin, masu sana'ar hannu ne irinmu. Duk lokacin da aka taso da maganar fifita digiri a kan HND, wannan tukunya nake tunawa.

Me ya sa na ce nauyin Equiano "aƙalla" kaza ne? Saboda motsin da ke nufo mu ko yake barinmu kawai muke iya aunawa. Idan da'irar a karkace take, wani ɓangare na rangajin yana tafiya gefe, ba ma ganinsa. Don haka abin da aka samu shi ne mafi ƙarancin nauyin da za ta iya yi.

Alama ta biyu ita ce ta fi kawo duniyoyi da yawa, kuma lissafinta ɗan ND 1 zai iya shi. Idan duniya ta gifta tsakaninmu da tauraronta, za ta tare ɗan haske, kamar ƙaramin husufi. Ba a ganin duniyar, raguwar hasken ake aunawa. Faɗin Mushtari kashi 1 cikin 10 ne na faɗin rana. Faifai kuwa, in faɗinsa ya ragu sau 10, filin da yake rufewa sau 100 yake raguwa. Ke nan wanda ke kallon ranarmu daga nesa zai ga haskenta ya ragu da kashi 1 cikin 100 in Mushtari ta gifta. Duniyarmu faɗinta kashi 1 cikin 109 ne na rana, sai ka ninka 109 sau 109, ka samu kusan 12,000. Raguwar kashi 1 cikin 12,000 ke nan, na tsawon awa 13, sau ɗaya a shekara. Kuma sai in da'irar ta saitu da idon mai kallo, abin da ga duniya irin tamu sa'ar 1 cikin 200 ce.

Mu gwada da ainihin lamba. A 1999 David Charbonneau, yana ɗalibi a lokacin, shi da Timothy Brown suka auna giftawar wata duniya a gaban tauraron HD 209458. Madubin da suka yi amfani da shi faɗin bakinsa santimita 10 ne kacal, an kafa shi a gefen wurin ajiye motoci a garin Boulder na Amurka. Hasken yakan ragu da kusan kashi 1.5 cikin 100 duk bayan kwana uku da rabi. Ɗauki kalkuleta, rubuta 0.015, danna √, za ka samu kusan 0.12. Faɗin duniyar ke nan idan aka gwada da tauraronta. Tauraron ya ninka rana faɗi sau 1.2, sai ka ninka, ka samu 0.144. Mushtari 0.1 ce. Ashe duniyar ta ninka Mushtari faɗi kusan sau 1.4. Ka auna duniyar da ke nisan tafiyar haske ta fiye da shekara 150 kana zaune a hostel.

Daɗin abin yana zuwa ne in aka haɗa hanyoyin biyu. Rangaji ya ba da nauyi, giftawa ta ba da girma, kuma tunda ta gifta an san da'irar ba a karkace take ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya san mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, amma hannu ya san bambancinsu. Ita wannan duniya ta HD 209458 ta fi Mushtari girma, amma nauyinta kashi 7 cikin 10 ne na Mushtari. In ka raba, za ka ga kowane mudu nata bai wuce sulusin nauyin mudun ruwa ba, alhali mudun duniyarmu ya ninka na ruwa sau biyar da rabi. Daga nan aka san cewa ƙunshin iskar gas ce da zafi ya kumbura, babu ƙasar da za a taka.

Da aka ga dabarar tana aiki, NASA ta harba madubin Kepler a Maris 2009. Aikinsa ɗaya tak: ya zura wa taurari kusan 150,000 ido yana rubuta haskensu. Kafin man sa ya ƙare a 2018 ya samo duniyoyi sama da 2,600. Magajinsa TESS ya tashi a Afrilun 2018. A Maris 2022 adadin waɗanda aka tabbatar ya haye 5,000, kuma yana ta ƙaruwa. Nahiyarmu ma tana ciki: akwai madubai masu wannan farauta a Sutherland ta Afirka ta Kudu, akwai kuma ɗaya a dutsen Oukaïmeden na Maroko, wanda ya sa hannu a binciken TRAPPIST-1, ƙaramin tauraron da aka sanar a Fabrairun 2017 cewa duniyoyi bakwai masu girma kusan na tamu ke zagaya shi.

Akwai wani labari da nake ganin ya kamata a riƙa ba mu tun makon farko a ɗakin gwaji. Peter van de Kamp masani ne na gaske, ya yi shekaru tun daga 1938 yana ɗaukar hoton Tauraron Barnard a wata cibiya a Amurka, yana auna matsayinsa a kan farantan gilashi. A 1963 ya sanar cewa tauraron yana ɗan karkacewa, alamar duniya mai girman Mushtari. Maganar ta shiga littattafai. A 1973 wasu suka auna da wasu madubai daban, ba su ga komai ba. Wani kuma ya duba farantan wani tauraro dabam da aka ɗauka da madubin van de Kamp ɗin, sai ya ga shi ma yana karkacewa iri ɗaya, a lokaci ɗaya, daidai shekarun da aka kwance madubin aka yi masa gyara. Ashe na'urar ce ta motsa. Shi ya sa yau ba a yarda da giftawa ɗaya, sai ta maimaita, sannan a bi ta da wata na'ura a wani wuri, a kuma kore sauran abubuwan da ke iya rage haske, kamar tabon da ke fitowa a fuskar tauraro ko taurari biyu masu shiga gaban juna. Sai a 2024 aka tabbatar da wata duniya a Tauraron Barnard, 'yar ƙarama da ba ta kai tamu nauyi ba, ba wadda ya yi zato ba.

Akwai ɗan Najeriya a gefen wannan tarihi. Samuel Okoye, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Nsukka, yana karatun digirin digirgir a Kambirij ne shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da rahoto a 1965 kan wani ɗan ƙaramin wuri mai fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi a cikin ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe. Daga baya aka gane gawar tauraro ce mai juyawa da matsanancin gudu, tana aiko da bugu kamar agogo. Duniyoyin farko da aka taɓa tabbatarwa a wajen gidan ranarmu, a 1992, jikin wata gawar tauraro irin wannan aka same su, mai juyi sau 161 a daƙiƙa. Aleksander Wolszczan da Dale Frail suka lura bugun yana ɗan gaggawa yana ɗan jinkiri a kan tsari.

Yanzu ga gargaɗi ga masu tura labari a Facebook da WhatsApp. Duk hoton da ka gani na wata "sabuwar duniya" mai teku da gajimare, zanen mai zane ne. In an ce "mai kama da tamu", yawanci girma ake nufi, ko kuma nisanta da tauraronta ya yi daidai da inda ruwa zai iya zama ruwa. Zara ma ai girmanta kusan ɗaya da duniyarmu, amma zafin doronta ya haura digiri 460. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 yana iya shinshina iskar wasu duniyoyi ta hasken da ya ratsa ta lokacin giftawa. A 2022 ya tabbatar da iskar kabon dayokzayid a WASP-39b, a 2023 kuma awonsa ya nuna da wuya duniyar farko ta TRAPPIST-1 ta kasance da iska mai kauri. Har yau babu inda aka tabbatar da rai. Masu cewa za mu ƙaura can in nan ta lalace kuma su yi lissafi: mafi kusa, Proxima b, tafiyar haske ce ta shekara huɗu da 'yan watanni, kumbon Voyager 1 kuwa mai cin kilomita 17 a daƙiƙa sai ya yi sama da shekara 70,000 kafin ya ci wannan zango.

Mu a nan, me za mu iya? Kallo da ido, lokacinsa kaka ne, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko. A ƙarshen Oktoba, wajajen ƙarfe tara na dare, 51 Pegasi yana kusan tsakar ka ga wanda ke Bici. Dusu-dusu yake, sai daren da babu wata, kuma sai ka fita gona wajen Saye ko Ɗanzabuwa, ka juya wa hasken Kano baya. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna maka inda yake.

Ainihin aikin kuwa a kwamfuta yake. Bayanan Kepler da TESS a buɗe suke ga kowa, ba a biyan ko sisi ban da kuɗin data. A shafin Zooniverse akwai shirin Planet Hunters TESS, inda ake nuna maka zanen hasken tauraro ka yi alama a inda ya faɗa. 'Yan sa-kai ne suka fara hango wata duniya mai rana huɗu a bayanan Kepler ta irin wannan hanya a 2012. Wanda ya iya Python kuma, ya sauke Lightkurve, layi kaɗan zai rubuta ya zaro hasken tauraro ya ga ramin da idonsa.

Ga masu neman taken aikin kammala karatu, ga ɗaya da kayansa ke samuwa a kasuwar Sabon Gari. Ƙwan fitila mai farin gilashi ya zama tauraro, ƙwallon roba a kan waya ya zama duniya, ƙaramar mota mai juyi a hankali ta riƙa zagayawa da shi. A nesa da mita biyu ka kafa na'urar jin haske, ka haɗa ta da Arduino tana rubuta lamba. Ka auna faɗin ƙwan da na ƙwallon da rula, ka lissafa raguwar da kake tsammani, sannan ka gwada da abin da na'urar ta ba ka. Da batir za ka kunna fitilar, domin hawa da saukar wutar janareto kaɗai ya isa ya haɗiye raguwar kashi 1 cikin 100. Ka toshe tagogi da bargo, ka bar fitilar ta yi minti goma a kunne haskenta ya daidaita, sannan ka bar ƙwallon ya zagaya aƙalla sau ashirin, ka jera zagayen a kan juna ka ɗauki matsakaicinsu.